Shekara uku da sa sola a gidana, ga inda kuɗin suka tafi da abin da ya dawo

Jama'a da yawa suna tambayata wai sola ɗin nan ta biya kuɗinta kuwa, toh bari in faɗi abin da na gani da idona. Abin da ke kan rufina faranti shida ne, kowanne wat 550, sai inbata (na'urar da ke mai da wutar faranti da ta batir irin wadda kayan gida ke amfani da ita) mai 5kVA da batirin litiyom guda ɗaya, 51.2V 100Ah, wato yana riƙe wuta kamar kilowat-awa 5 da ɗan ɗoriya (kilowat-awa ɗaya shi ne yunit ɗaya a mitar wuta). Ina jin daɗinta wallahi, amma da na san abin da na sani yanzu da ba haka na fara ba.

Kowa idan aka ce sola faranti yake hangowa, alhali farantin shi ne mai sauƙin kuɗi a cikin kayan. Daga 2010 zuwa 2020 farashinsa a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari, galibi saboda yadda masana'antun ƙasar Sin suka cika kasuwa da shi. Kuma ba ya saurin mutuwa, garantinsa shekara 25 ake bayarwa, ƙarfinsa na raguwa ne da kamar rabin kashi ɗaya cikin ɗari duk shekara. Nawa har yau ban taɓa komai a jikinsu ba in banda wanki.

Batir shi ne ke cin kuɗin, kuma a nan na ƙone. Da farko batiran ruwa guda huɗu na saya don sun fi arha, mai haɗa min bai gaya min cewa irin wannan batirin ba a son a sha fiye da rabinsa ba, mu kuwa kullum sai mun tatse shi har inbata ta fara kuka cikin dare, ba a yi shekara biyu ba suka daina kai mu asuba. Haka na sake fitar da kuɗi na sayi litiyom, irin wanda ake kira LiFePO4. Shi kana iya shan kashi 80 zuwa 90 nasa, kuma yana ɗaukar caji da saukewa sau dubbai, na ruwa kuwa ɗaruruwa ne zuwa dubu da wani abu in an lallaɓa shi. Idan ka raba kuɗin da shekarun da zai yi maka, mai tsadar nan shi ne mai arha. Abin ya yi min ciwo sosai don kuɗin batiran farko kamar na zuba su a rijiya ne.

Sai maganar wutar da ake samu. A takarda faranti shida wat 3,300 ke nan, ka ninka da awa biyar na rana mai ƙarfi ka samu kilowat-awa 16 da rabi. A zahiri ni tsakanin 12 da 13 nake gani a rana mai kyau, ranar hadari kuwa wani lokaci ko rabin haka ba ya kaiwa. Wancan adadin na wat 550 da ke bayan faranti an auna shi ne a zafin digiri 25, kuma mutane ba su yarda idan na ce zafi yana rage masa ƙarfi, haske yake so ba zafi ba, duk digiri ɗaya da ya hau sama da 25 yana zubar da kamar kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari. Ga ƙura, ga inuwa. Reshen bishiya ɗaya da ke rufe gefen faranti guda da yamma yana jan sauran da ke layi ɗaya da shi ƙasa, sai da na sa aka sare shi na ga bambanci a fuskar inbata.

Aikin mai haɗawar kam ba zan yaba masa duka ba. Ya zo a kan lokaci, ya ɗaure farantan da kyau, iska ba ta taɓa motsa su ba. Amma wayar da ya ja daga batir zuwa inbata siririya ce, idan aka kunna injin jan ruwa sai ka ji ta yi ɗumi, kuma bai sa kariyar tsawa ba, bai binne wayar ƙasa ba. Wani ma'aikacin daban na kira ya gyara. Don Allah ɗan uwa kafin ka biya ka sa a rubuta maka kaurin waya da fiyus da komai a takarda, ka kuma sa a lissafa lodinka, don firij da injin ruwa lokacin tashi suna jan ninki uku ko fiye na abin da aka rubuta a jikinsu.

Ribar fa? Ni yadda na lissafa, na haɗa abin da nake kashewa duk wata a man janareta da gyaransa da kuɗin wuta kafin sola, na cire abin da nake biya yanzu, na raba jimillar kuɗin kayan da wannan rarar. Ya ba ni kamar shekara biyar, da ban yi asarar batiran farko ba da huɗu ne. Wanda ba ya ƙona mai kuma wutarsa tana da arha tana zama, nasa lissafin zai yi tsawo sosai, shi ƙila ma faranti da inbata kawai ya kamata ya sa ba batir. Kuma a sa a rai inbata ba ta kai faranti daɗewa, shekara 10 zuwa 15 za a nemi wata.

Abin da ya fi gaggauta dawo min da kuɗi shi ne sauya lokacin aiki. Guga, wanki, jan ruwa, duk mun mai da su tsakanin ƙarfe goma na safe da uku na rana, wutar tana zuwa kai tsaye daga rufi ba ta bi ta batir ba. Da dare fitilu ne da fanka da firij kawai, muna wayar gari batir yana kan kashi 40 ko sama. Janaretan yana nan a lulluɓe, bana sau uku kawai na tayar da shi.