Kantin ɗauki-da-kanka a Samaru: kaya na nan, hannu ne ya yi kaɗan

A bakin titin Sakkwato, kusa da babbar ƙofar ABU, akwai wani kanti da ɗalibai da matan malamai suka fi zuwa. Ba sai an kama suna ba, halinsa ɗaya da takwarorinsa na unguwannin PZ da Sabon Gari a Zariya.

Tsarinsa ya yi. Burodi da madara suna can ƙurya, sai ka ratsa biskit da sabulu kafin ka kai gare su, wanda dabara ce ta 'yan kasuwa ba kuskure ba. Firij yana kan sola, don haka ɗauke wuta ba ya lalata yogot.

Inda gizo ke saƙa shi ne ma'aikata. Uku ne kawai: mai karɓar kuɗi, yaron sito, da mai duba rasit a ƙofa. Da la'asar ta yi, sai ka tarar da gurbin sukari fayau alhali katan-katan na jibge a sito, yaron kuwa yana waje yana sauke kaya daga mota. Zeynep Ton ta jami'ar MIT a Amurka ta daɗe tana nuna cewa rage ma'aikata don tsimin albashi yakan jawo irin wannan asarar ciniki.

Kwamfutar lissafin kaya ma ba abin dogaro ba ce. A 2008 wasu masu bincike, DeHoratius da Raman, sun duba bayanan kaya kusan 370,000 a shaguna 37 na wani kamfani, suka tarar kashi 65 cikin ɗari ba su dace da abin da ke ƙasa ba. A nan ana ganin yadda hakan ke faruwa: Hajiya ta ɗauko lemo kala uku masu kuɗi ɗaya, mai karɓar kuɗi ta haska ɗaya ta danna uku. Kuɗi ya cika, lissafin sito ya karkace, gobe a sayo wanda bai ƙare ba a bar wanda ya ƙare. Maganinsa a haska kowane kaya daban, a kuma riƙa ƙirga kayan da ke kan kanta ɗaya kowace safiya maimakon jiran ƙarshen wata.

Jerin kaya ma da gyara. Sabo ake tura wa gaba, tsoho ya maƙale a baya har wa'adinsa ya wuce, alhali tsohon ya kamata a jawo gaba. Mai saye ya juya gwangwani ya duba kwanan wata da lambar NAFDAC.

Layi kuwa taransifa ce ke tsayar da shi. "Malam, ɗan jira, bai shigo ba tukuna," in ji mai karɓar kuɗi, domin saƙon banki wayar mai kanti yake zuwa, shi kuma yana Kano saro kaya. Mai kati ko tsabar kuɗi ya fi saurin fita. Kafin azahar babu cunkoso, kuma a lokacin ne za ka samu sararin gwada kuɗin da ke rasit da wanda aka liƙa a jikin kantar kaya, don wani sa'in farashi ya tashi takardar ba ta tashi ba.