Gadin dare ko tuƙin adaidaita sahu?

Maigadin dare yana fita kafin magariba, ya dawo da hantsi idanu jajur, yara sun riga sun tafi makaranta. Daga nan gidan sai lallaɓawa. Uwargida ta ɗage daka, ta kora ƙanana waje kada su tashe shi. In yaro ya tashi da zazzaɓi tsakar dare, ita kaɗai ce, sai dai ta buga ƙofar maƙwabta. Albashin na wata ne, kuma masu gadi da yawa ba sa samun naira 70,000 da dokar 2024 ta tanada a matsayin mafi ƙarancin albashi, don haka tun wata bai yi nisa ba an shiga littafin mai shago.

Ɗan adaidaita a Kano yana kwana a gida. Sai dai kuɗin cefane ba ya fitowa sai ya haɗa balas, wato kuɗin da yake kai wa mai babur ɗin, da na mai, shi ya sa tukunyar rana kan kai la'asar ba ta hau wuta ba. Ranar da babur ya kwana wurin bakanike kuwa, babu. Duk da haka na fi ganin sauƙi a nan, ko don yakan sauke yara a makaranta kafin ya ɗauki fasinja.