Wata takwas da tukunyar firesha, da abincin da nike gwada ta da shi in mata sun taru gidana

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Tun da na fara sa hoton tukunyar nan a sitatus ɗina na WhatsApp tambaya ɗaya ake ta maimaita mani, wai da gaske tana aiki ko dai ɗaukar ido ce, kuma ba ta fashewa? To yau na samu sarari, bari in faɗi abin da na gani da idona. Ni a Birnin Kebbi nike, unguwar Badariya, cikin gida nike saida kayan kicin, kuloli da fulas da tukwane da faranti da bilenda, yawanci iyayen amare da 'yan adashe ne kwastomomina. Tukunyar da zan yi magana kanta mai lita 7 ce ta alminiyam, irin mai ɗan ƙarfe bisa murfi da ke huci.

Guda huɗu na fara sarowa, sunka yi wata biyu cikin kwali ba wadda ta ko taya. Duk wadda ta shigo sai ta ɗaga murfin ta juya shi ta ce a'a Maman yara, wannan ba da ni ba, ance tana tashi da mutum. Da na ga haka sai na fidda ɗaya na ce wagga tawa ce, na yi wata guda cur ina girki da ita kullum har hannuna ya saba, sannan na gayyaci matan adashenmu wata Asabar bayan la'asar su zo su gani.

Ranar farko na kashe kuɗi sosai, dafa-duka na yi da kaza biyu da hanta, har da lemun kwalba. An ci an yaba an sa albarka, amma ba wadda ta saya. Da za su tafi wata dattijuwa maƙwabciyarmu, Inna muke ce mata duk layin, ta riƙe hannuna bakin ƙofa ta ce, ɗiyata wagga dahuwa ai ko tukunyar ƙasa ta yi ta, ki gwada muna abin da ka cinye muna icce. Wallahi maganar nan ita ta gyara mani sana'a. Mace ba za ta fidda kuɗinta don shinkafar da take dafawa cikin minti 25 ba, abin da ke damunta shi ne waken da zai kwashe awa ɗaya da rabi bisa wuta, da ganda, da kwaruru. Kuma Allah da ikonsa, su ne masu araha.

Sati biyu bayan nan na sake kiransu, wannan karon da kwaruru na fara, wanda Kanawa ke cewa gurjiya. Duk wadda ta taɓa dafa busasshen kwaruru ta san aiki ne na wuni, ki ƙara ruwa ki ƙara icce ki ƙara kanwa har ki gaji. Gwangwanin madara 4 na jiƙa tun dare, da sunka zo na ba kowa ɗaya ta latsa da hannunta ta ji taurinsa don kada a ce na riga na tafasa, na zuba cikin tukunya da ruwan da ya sha kansa da gishiri, ban sa kanwa ko ƙwaya ba, na rufe. Da ta fara huci na rage wuta na ce wa ƙanwar maigidana ta riƙe waya ta duba muna minti 30. Kafin lokacin ya cika hira ta mutu, kowa idonta na kan tukunya, wasu ma sun ja tabarmarsu baya. Na kashe wuta munka jira ta sauka da kanta, na buɗe, Inna ta fara sa hannu ta murje shi da yatsa biyu sai ga shi ya baje kamar dankali. Da ɗan mai da yajin ƙuli munka ci. Ranar nan tukunya biyu na saida, ta ukun kuma wata Hajiya ta ce a ajiye mata zuwa kwasar adashe. Abin da na kashe duka bai kai kuɗin rabin kaza ba.

Yadda take aiki ba wani tsafi ba ne, ƙanena da ke karantar da kimiyya a sakandare shi ya yi mani bayani kuma yanzu haka nike faɗa wa mata. Tukunyar da munka saba da ita komai ƙarfin wutar da kika hura ruwan ba ya wuce digiri 100, sauran zafin tururi ne ke ficewa da shi. Ita wannan robar da ke cikin murfin tana hana tururin fita, sai ya matsu a ciki, ruwan ya kai wajen digiri 120, shi ya sa abu mai tauri ke nuna da wuri. Ɗan ƙarfen da ke bisa shi ke sakin tururin da ya yi yawa, hucin da kike ji ke nan. To da zarar ta fara hucin nan ƙara wuta ba ya ƙara komai sai ɓarnar gas, ragewa ake yi. Ni nan ne na fi jin daɗinta, don tun da anka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 komai ya bi ya hau, mata da yawa da na sani sun jingine silinda sun koma gawayi, ni kuwa da ita na ci gaba da dafa wake bisa gas ba tare da gabana na faɗuwa ba.

Abin da na fi yi yanzu in an taru shi ne wake da shinkafa da mai da yaji, don shi ke isar mutum goma sha biyu kowa ta samu ɗan faranti. Wake gwangwani 2, shinkafa gwangwani 4, kuma shinkafarmu ta gida nike sawa, ta fadamun Argungu ko Suru, ba don araha kaɗai ba, don ita ce ke cikin buhun kowace mace da ke zaune gabana, in na gwada da 'yar waje za ta koma gida ta ga abin ya bambanta ta ce na ruɗe ta. A rege ta da kyau saboda tsakuwa. Waken shi ke fara shiga da ruwa da cokali ɗaya na man gyaɗa, man nan yana da amfani don shi ke kwantar da kumfa, minti 8 bayan ta fara huci sai a sauke. In ana sauri ana kai ta bakin rariya a riƙa zuba ruwan sanyi bisa murfin a hankali har hucin ya ɗauke, sai a buɗe a zuba shinkafa da gishiri, ruwan ya hau kanta kamar gaɓar yatsa ɗaya, a rufe, minti 5 bayan huci a kashe a bar ta ta huce da kanta kamar minti 10. Wannan jiran na ƙarshe kada a tsallake shi, a nan shinkafar ke ƙarasa kanta. Lokacin da ake jiran ne nike soya albasa cikin mai, mu da Allah ya ba Aliero ai ba mu da uzurin rowar albasa, ƙamshin kaɗai na sa maƙwabtan da ba a gayyata ba su leƙo, kuma cikinsu ma na samu masu saye. Karo biyu na farko ta caɓe mani don na sa ruwa irin na tukunyar da na saba, ita kuwa ruwanta ba ya ƙonewa, abin da kika zuba kusan shi za ki tarar.

Ganda kuma sai in na san akwai iyayen amare cikin masu zuwa. Babbakakkiya nike saye a babbar kasuwa, in jiƙa ta kwana in kankare in yanka ƙanana, ta shiga da attarugu da albasa da citta da kanumfari da masoro da daddawa da ɗan manja, minti 25 zuwa 30 ta yi luguf. Ƙafar sa na kaiwa minti 45 amma ta fi kuɗi, sau ɗaya na yi ta.

Alala ma na yi, cikin gwangwani, a jera bisa ɗan farantin nan mai huji-huji da ke zuwa tare da tukunyar, ruwa kofi biyu a ƙasa, kwata ɗin awa ta nuna. Amma don Allah kada wadda ta ƙulla a leda ta jefa ciki, leda na iya tasowa ta toshe hujin tururi. Kuma ni a inji nike kai markaɗen tun da safe, na so in riƙa haɗawa da gwajin bilenda amma wuta ba ta da alkawali, ranar da na shirya haka ba a kawo ba har magariba. Abin sha kuwa zoɓo ne kawai da citta da kanumfari, in zuba cikin kula da ƙanƙara tun hantsi, in sun zo la'asar su buɗe da kansu su ga ƙanƙarar na nan, wannan shi ne tallan kula ba sai na ce komai ba.

To sai abin da ban ji daɗinsa ba, don ba zan ɓoye ba. Babban shi ne roba. Wata biyar da fara aiki da ita robar murfin ta saki, tururi ya riƙa fita ta gefe, tukunyar ta ƙi yin huci, wake ya koma ɗaukar lokacinsa na da. Na kira wanda nike saro wa ya ce shi tukunya yake saidawa ba roba ba, abin ya yi mani ciwo ƙwarai don lokacin na riga na saida wa mata bakwai kuma ni za su nema ba shi ba. Sai da na yi kusan sati uku kafin wata 'yar uwa ta samo mani a Kano, kuma dole sai an auna faɗin bakin tukunyar, in ba daidai ba ce ba ta zama. Tun daga nan ba ni karɓar oda sai da robar canji a cikin kwalin, ko da za a ƙara mani kuɗi. Kuma na koyi cire ta in wanke daban in shanya a inuwa, ba a barinta cikin murfi a kife bisa tukunya mai zafi.

Ɗan ƙarfen bisa ma ƙarami ne, yara na ganinsa kamar abin wasa, in ya ɓace tukunyar ta koma kamar kowace tukunya. Nawa cikin gwangwanin magi nike ɓoye shi saman kanta.

Maganar fashewa kuwa, ni ban ga ta fashe ba, amma na ga abin da ke tsorata mutane. Ƙanwata ce ta zo hutu ta cika ta da wake kusan baki ba ta sa mai ba, kumfa ya taso ya riƙa feso ruwan wake ta hujin sama har bango, ta fito da gudu tana salati. Na kashe gas munka bar ta ta huce, ba abin da ya samu kowa Alhamdu lillahi. Ƙa'idar ita ce wake da duk abin da ke kumbura ko kumfa kada ya wuce rabin tukunya, nama da sauransu kada su wuce kashi biyu cikin uku, kafin a rufe a ɗaga murfin sama a leƙa hujin a ga haske na ratsawa, kuma in murfi ya ƙi buɗuwa kada a yi kokawa da shi, akwai sauran tururi ke nan. Duk wadda ta saya sai na sa ta rufe ta buɗe gabana sau uku kafin ta fita da ita, tsofaffi kuma nakan ce su turo mani 'yar da ke yi masu girki in gwada mata.

Ba ta tuwo, ba ta kunu, ba ta fate, taliya ma ban ba da shawara ba, duk abin da ke son motsawa ko mai kauri ki bar shi a tukunyarki ta da. Ba a buɗewa tsakiyar girki a ɗanɗana, gishirinki da maginki sai ki auna tun farko, wannan ya ɗan ba ni wuya don ni mai yawan ɗanɗane ce. Kanwa kuma tana baƙanta cikin alminiyam, ba ma ta da amfani a nan. Masu gawayi sun tambaye ni, e tana yi bisa kurfoti, na gwada, sai dai in ta fara huci ki zare garwashi ki rage, ki kuma juya hannun gefe don roba ne yana narkewa. Murhun icce mai harshen wuta dai ban yarda a ɗora ta ba.

Wadda gidanta ake cin wake sau uku huɗu a sati, ko mai saida alala ko kwaruru ko ganda ƙofar gida, ita ce za ta ga kuɗinta sun dawo da wuri, kuma mai lita 7 ta isa gida mai mutum shida zuwa takwas. Wadda kuma tuwo da miyar kuka ne yawancin girkinta nakan ce mata Anti ki ɗauki kula mai kyau ta fi maki amfani, na sha faɗin haka kuma ba na nadama. Cikin wata takwas ɗin nan goma sha ɗaya na saida, ɗaya ce kawai anka maido saboda hannunta ya zo a tsage tun daga kwali, na canza mata. Inna ma ta karɓi tata watan jiya, kashi uku ta biya, jikarta ce ke ɗora mata. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu faten wake nike son in gwada masu ta wata hanya, in dafa waken cikin firesha sannan in juye a tukunyar miya in ƙarasa da alayyafo da ɗan busasshen kifin Yauri.