Na biya kuɗin rakiya, na ƙare da dako a Mumbai

Duk wanda ya saba yankar tikiti a wajen ejan-ejan ɗin nan na Kano ya san abin da suke kira rakiya. Ka ɗora kuɗi a kan na tikiti, su ce duk filin jirgin da ka sauka akwai mai tarbarka, ya bi da kai har bakin jirgi na gaba. Ba sai na faɗi nawa ba ne, kun san yadda suke yanka. Na biya ne saboda Inna da za a yi wa aikin gwiwa a birnin Cennai na ƙasar Indiya, ga shi ni kaina iyakacina Saudiyya, can ɗin ma cikin ayarin alhazai, inda ƙeyar na gabanka kawai kake bi.

Jirgi 3 za mu hau: Kano zuwa Adis Ababa, daga nan Mumbai, sannan Cennai. Ejan ya bugi ƙirji ya ce, "Alhaji, kai dai riƙe fasfo da katin allurar shawara, sauran namu ne."

A Adis kam ba ni da ta cewa. Muna fitowa daga jirgi wani saurayi ɗan Habasha yana tsaye da keken guragu. Garin a kan tudu yake, sama da mita 2,300, sanyin dare ya sa Inna ta fara karkarwa, yaron nan ya gyara mata mayafi kamar kakarsa. Ya bi da mu ta wajen bincike, ya tsugunna ya cire mata takalmi ya mayar, ya nuna mini wajen salla. Na tambaye shi lokaci ya ce ƙarfe 3, gabana ya faɗi, don allo yana nuna 9 na dare. Ya yi dariya ya ce lissafin gida ya yi mini, su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, da dare kuma daga faɗuwarta. A nan na tura wa ejan saƙo har da addu'a. Da a lokacin aka ce in rubuta wannan sharhi, da yabo zalla za ku karanta.

Mumbai ce ta tona asiri. Mun sauka da safe bayan kusan awa 5 a sama, agogon hannuna yana Najeriya, wayata tana Habasha, ga Indiya da ta riga mu da awa 4 da rabi. Rabin nan ya wahalar da ni ba kaɗan ba, sai da na koma ƙirge da yatsu. Wani mai keken ya ɗauki Inna, muka bi layin jami'an shige da fice, suka duba takardar asibiti, sai na ga ya nufi wajen ɗaukar kaya da mu. Na ce masa kayanmu ai Cennai za su wuce. Ya girgiza kai irin tasu, wadda ba ka sanin e ce ko a'a, ya nuna mini akwatunanmu 4 suna zagaye. Ashe a garin da ka fara sauka kake ɗaukar kayanka ka bi ta kwastan. Ejan bai faɗa mini ba.

Yana fitar da mu ƙofa ya taimaka wa Inna ta zauna a benci, ya juya kekensa. Na riƙo hannunsa na nuna masa tikitin Cennai. Ya duba ya ce wannan wani kamfani ne daban, kuma daga tasha ta 1 yake tashi, mu kuwa muna ta 2. Na ce ta wace ƙofa? Ya ce sai da mota. Tashoshin nan ba a gini ɗaya suke ba, sai ka fita titi ka shiga cunkoson gari. Mutumin da aka ce zai ɗaga kwali mai sunana kuwa, na karanta kwalaye sun fi 30, babu.

Na nemi intanet ɗin filin jirgi in kira ejan, aka ce sai an turo lamba ta waya, layina kuma ya mutu tun daga Kano. Katin banki na naira ya ƙi. Dala ce a aljihuna, ba rupi ko ɗaya. Inna tana zaune tana jan carbi, ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, ko mun ɓata ne?" Na ce a'a, mota muke jira. Ƙarya nake.

Allah ya kawo wata Hajiya 'yar Kantin Kwari da ke zuwa saro yadi. Hausarmu ta ji ta tsaya. Ta dubi tikitin ta ce, "Malam, tikiti biyu aka yankar maka aka manna su." Ita ta kai ni wajen canji, ta sa mu a tasi, ta ce in riƙe tikiti da fasfo a hannu, don jami'an tsaro na bakin ƙofa ba sa barin kowa ya shiga tasha sai sun gani. Haka kuwa aka yi. Ni na turo amalanken kaya da hannu ɗaya, ɗayan ina tallafe da Inna, akwatin garin kunu da kuka yana zamewa duk taku goma.

A wajen awo aka ƙarasa ni. Daga Kano kowannenmu akwati 2 ne masu kilo 23. Jirgin cikin gida kilo 15 kacal ya yarda wa mutum. Abin da na biya na rarar kaya ya kusa sayen wata kujera. Mu ne na ƙarshen shiga jirgi, rigata sharkaf.

Da muka natsu a Cennai na ɗan huce. Na ce to, ko ba komai rabin aikin ya yi, tunda yaron Adis ya kyauta. Sai na tuna maganar da Hajiyar ta yi mini tana rufe ƙofar tasi: keken guragu kyauta kamfanonin jirgi suke bayarwa, in dai an rubuta a tikiti cewa fasinja yana bukata. Wato saurayin da na yi ta sa wa ejan albarka dominsa aikinsa yake yi, ko na biya ko ban biya ba. To kuɗina na mene ne?

Na kira ejan na zazzage masa. Ya ce, "Haba Alhaji, yaronmu na can ne ya makara, ka yi haƙuri, ai kun isa lafiya." Na ce ya turo mini lambar yaron nasu. Yau wata 2 ke nan ina jira. Tikitin dai ya samo mana da sauƙi, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba, bizar asibiti ma bai ɓata lokaci ba. Amma da zai haɗa mini hanyar komawa ganin likita, sai da na zauna a ofishinsa ya nuna mini a kwamfuta cewa lamba ɗaya ce a kan tikitin tun daga Kano har Cennai, da kilo nawa, da tashar da za mu sauka. Ya buɗe baki zai ambaci rakiya, Inna da ke gefe ta ce, "A'a ɗana, bar shi, ka dai rubuta musu keke."