De Chirico, Carrà ko Morandi: wanne za ka rataya a bango?

Su ukun masu zane ne 'yan Italiya da suka yi aiki da wani salo mai kama da mafarki. Zanensu na asali ba na aljihun kowa ba ne, da yawa ma suna gidajen tarihi ne. Kwafi za ka saya, don haka ka fara tantance hannun wa kake so.

In abin da kake nema shi ne wannan yanayi mai kama da mafarki, Giorgio de Chirico ne ubangidan harkar. Ɗan Italiya ne da aka haifa a Girka a 1888, ya karanta masana falsafa na Jamus, Nietzsche da Schopenhauer, ya ɗauka cewa kowane abu na yau da kullum yana da wata fuska a ɓoye. Shi ya sa za ka ga dandali fayau ba kowa, inuwa ta miƙe kamar bayan la'asar, jirgin ƙasa can nesa. A wani zanensa na 1914 yarinya ce ke gara gare-gare, ga inuwar wani da ba a gani ba tana jiran ta a gaba. Kana kallo gabanka na faɗuwa, ba ka san dalili ba. Sai dai ka duba shekara. Ayyukansa na 1910 zuwa 1918 su ne gangariya. Daga baya ya riƙa maimaita tsofaffin zanensa, wasu har ya sa musu tsohuwar shekara.

Carlo Carrà, wanda ya haɗu da de Chirico a asibitin soja a Ferrara a 1917, ya fi son ɗaki a rufe da mutum-mutumi marar fuska. Ni dai na fi ganin dacewarsa a ofis.

Giorgio Morandi na Bologna ya ɗan taɓa salon ne a 1918 da 1919, sannan ya ƙare rayuwarsa yana zana kwalabe da tuluna. In gidanku ba a rataya hoton mai rai ko gunki, shi ne mafita, kuma ba ya gundura.

Batun bugu kuwa, ɗauki takarda mai kauri marar sheƙi, domin sheƙi yana kashe koren sama da zurfin inuwar de Chirico. Na shagon gidan tarihi, irin MoMA a Niyok ko Brera a Milan, ya fi tsada amma launinsa ya fi kusa da na asali. Ka sa masa firam da gilashi saboda ƙurar hunturu, kada kuma ka rataya shi inda rana ke duka.