Suricata ko OSSEC a kan VPS mai RAM 1GB?

Ɗan'uwa, ka ce kana da VPS, wato sabar haya a intanet, guda ɗaya mai RAM 1GB da CPU ɗaya, WordPress na kai tare da Nginx mai miƙa shafin ga masu ziyara da MySQL mai ajiye bayanansa, kuma ka rasa wadda za ka ɗauka tsakanin Suricata da OSSEC domin gano masu kutse. Ni dai a wannan na'ura OSSEC zan saka.

Da farko, ba aiki ɗaya suke yi ba. Suricata, wadda gidauniyar OISF ta fitar a 2010, a kan layin sadarwa take zama, tana duba duk fakitin bayanan da ya shigo ko ya fita tana gwada shi da ƙa'idojin da aka loda mata. Tafarkin Snort ta bi, manhaja irinta wadda Martin Roesch ya rubuta a 1998, yanzu kuma take hannun Cisco. OSSEC kuwa, da Daniel Cid ya fara a 2004, cikin na'urar take aiki: tana karanta fayilolin log, inda na'ura ke rubuta abin da ke faruwa a cikinta, tana lura da duk fayil ɗin da aka taɓa, tana kuma neman alamun rootkit, wato manhajar da masu kutse ke dasawa don ɓoye kansu a na'ura.

Ta ɓangaren nauyi tazarar mai faɗi ce. In ka jawo wa Suricata ƙa'idojin kyauta na Emerging Threats Open gaba ɗaya, dubbai ne, kuma dole ta ɗora su duka a RAM kafin ta fara aiki, ga wurin da take warewa don bin diddigin kowane haɗi. Ɗaruruwan megabait ke nan, a na'urar da MySQL da PHP suka riga suka cinye mafi yawanta. Ranar da RAM ta ƙare, Linux da kansa zai zaɓi manhaja ya kashe, kuma sau da yawa MySQL ce ke shan kashi saboda girmanta. Sai ka wayi gari shafin ya faɗi ba tare da wani ya kawo hari ba. Abin da ake yabon Suricata da shi, wato raba aiki tsakanin CPU da yawa, kai ba zai amfane ka ba tunda ɗaya gare ka. OSSEC ƴan ƙananan manhajoji ne da aka rubuta da C, da kyar za ka ji nauyinsu, sai lokacin da take zagayen duba fayiloli, shi ma kana iya mayar da shi tsakar dare.

Amma ko da RAM ta wadata, akwai matsalar da ta fi wannan. Shafinka na kan HTTPS, shigarka cikin sabar kuma ta SSH ce, duka a kulle suke. Suricata kamar maigadi ce a bakin ƙofa da ake wucewa da akwatuna a rufe: ya ga wanda ya kawo, ya ga girman akwatin, abin da ke ciki kuwa oho. Za ta ga adireshin IP da sunan shafin da aka nema a farkon haɗin TLS, wato kullen da HTTPS ke amfani da shi, amma harin SQL, wato mugun umarni ga rumbun bayanai, da aka cusa ta wani tsohon plugin na WordPress a ɓoye zai wuce ta. Nginx ne ke buɗe saƙon, shi ke rubuta adireshin da aka buƙata a log, OSSEC kuma can take karatu. In wani ya sauya wp-config.php ko ya ƙara sabon mai amfani a /etc/passwd, ita za ta sanar da kai, muddin ka saka waɗannan wurare cikin jerin da take dubawa. Sabbin fayiloli kuma sai ka kunna mata faɗakarwarsu da kanka, kada ka manta, domin ta nan ake jefa webshell, wato fayil ɗin da ke ba mai kutse damar sarrafa sabar ta burauza.

Ban ce Suricata ba ta da rana ba. Ta fi OSSEC gane lokacin da na'urar da aka riga aka shiga ta fara kiran sabar masu kutse ko ta haƙar kirifto. In ka nace sai ita, rage ƙa'idojin ta hanyar suricata-update, ka taƙaita abin da ake zubawa a eve.json, fayil ɗin log ɗinta, kada ya cika faifai, kuma ka bar ta a yanayin kallo kawai. In ka saka ta tarewa ta NFQUEUE, hanyar da Linux ke miƙa mata fakiti ta yanke hukunci, ba tare da bypass da ke barin fakiti su wuce in ba ta aiki ba, to ranar da ta mutu, duk zirga-zirga ta tsaya, har kai kanka an rufe ka a waje.

Na san wani zai ce Wazuh. Daga OSSEC aka ciro ta a 2015, ta kuma fi samun sabuntawa, amma cikakkiyarta da indexer mai ajiye bayanai da dashbod mai nuna su, takardunsu sun ba da shawarar CPU 4 da RAM 8GB. Ba taka ba ce yanzu, sai dai agent ɗinta kaɗai, ƙaramar manhajar da ke tura bayanai, in kana da wata na'urar da za ta karɓi bayanan.

Wajen girka OSSEC zaɓi nau'in local, wato na na'ura guda ɗaya. Tana iya toshe IP da kanta, Fail2ban, manhajar toshe masu yawan gwada kalmar sirri, ita ma haka, to ɗaya kawai ka ba aikin toshewa don ka san wanda ya rufe wa. Ka kuma gajarta lokacin toshewar. A layukan waya mutane da yawa kan raba IP ɗaya, kuma galibin masu ziyartar shafinka da data ɗin waya za su shigo. Ka toshe mutum ɗaya na tsawon mako, ƙila ka kori kwastomomi da dama da ba su ji ba ba su gani ba.

Raunin da duka biyun suka yi tarayya a kai shi ne suna zaune a na'urar da suke gadi. Wanda ya samu root, wato cikakken iko a kan na'urar, zai iya kashe su ya goge log. Don haka ka sa faɗakarwar OSSEC ta riƙa fita nan take zuwa imel ɗinka, ko ka tura log zuwa wata na'ura ta rsyslog. Sannan ka rufe shiga SSH da kalmar sirri, ka koma amfani da mabuɗin SSH, hayaniyar da ke cika log ɗinka za ta ragu sosai.