Wutar sola ta kati a ƙauyenmu: inda ta gamsar da inda ta gaza

Kamfanin da ya kafa tashar sola a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim yana sayar da wuta ne ta mita mai kati, wato magidanci ya biya tukuna sannan ya sha, kuma wannan tsarin ne na fi yaba masa. Duk wanda ya taɓa zama a gidan da ake kawo wa bil na ƙiyasi ya san takaicin biyan kuɗin wutar da bai gani ba. A nan kuwa mita tana manne a bangon zaure, lambobinta suna raguwa a kan idon kowa, har yara sun koyi kashe ƙwan lantarki kafin su fita daga ɗaki.

Farashin da tsada, babu shakka. Sai dai tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 tayar da janareta ya gagari yawancin gidaje, kuma ko a birni hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga farashin yunit ɗin masu Band A, wato waɗanda ake ba wuta aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 a Afrilun 2024, saboda haka babu inda wuta take da arha.

Bazara ce take tona asirin tashar. Idan zafi ya tsananta, kowane ɗaki fanka tana juyawa, matan da ke sana'ar ƙanƙara da zoɓo ba sa kashe firiza, musamman da azumi, sai katin da yake kai iyali mako guda da hunturu ya ƙare tun mako bai raba ba. Ga shi batiran ba sa ɗaukar nauyin dare: bayan sallar isha'i wutar takan ɗauke, daidai lokacin da jarirai da tsofaffi suka fi bukatar iska. Wakilin da ke sayar da katin kuma yana ɗora ladansa a kan kowane saye, abin da ya fi cutar mai sayen na naira 500 saboda abin da aljihunsa ya iya ke nan.

Ya kamata kamfanin ya ƙara batira, ya kuma sauƙaƙa farashin wuta da rana, lokacin da hasken ya wadata, domin masu injin markaɗe da masu ƙanƙara su mayar da aikinsu can. Ga gidan da bukatarsa fitila ce da fanka da cajin waya, ina ba da shawarar a jawo wutar. Mai firiza kuwa ya yi lissafin cinikinsa na bazara kafin ya sa hannu.